Bashin Da Zan Biya Da Ƙafa

Edita ya ba ni wannan fili bisa sharaɗin kada in cika shi da sunaye, ya ce jaridarsa ba takardar gayyatar biki ba ce. Da ma ban yi niyyar kiran sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda suka taimake ni sun roƙe ni in rufa musu asiri. To amma rufin asiri bai hana godiya ba, kuma na ga gara in yi ta tun ina da numfashi, kafin tudun Kintampo ya ƙwace shi.

Ga wanda labarin bai kai gare shi ba: in Allah ya yarda, ranar Litinin ta farko a watan Disamba, bayan sallar asuba, zan hau keke daga ƙofar shagona a Magazin ta Suame in nufi arewa, ba zan juyo ba sai na taɓa Paga, bakin iyakar Gana da Burkina Faso. Tafiyar ta kusa kilomita 580. Shekarata 53, ni makaniki ne, kuma rabon da in yi doguwar tafiya a kan keke tun ina yaro ana aikena daga Aboabo zuwa Tafo. Saboda haka duk wanda ya yi dariya da ya ji labarin, na yafe masa, ni ma na yi.

Abin da ya jawo wannan aiki ba abin dariya ba ne. A damunar 2023 aka kawo mana wata tsohuwar Benz 207, irin wadda ake yin trotro da ita, za mu sauke mata giyabos. Duk wanda ya san Magazin ya san ƙasarta: baƙin mai na shekara da shekaru ya jiƙa ta, in ruwa ya sauka a kai sai ta zama kamar sabulu. Muka ɗaga motar da jak ɗaya, muka tokare ta da guntun katako, yadda muka saba, yadda maigidana ya koya mini. Wani yaro mai koyon aiki a hannuna, ɗan wani ƙauye kusa da Walewale, shekararsa 19, ya shiga ƙarƙashi. Ni kuwa ina can gefe ina cinikin kuɗin aiki da mai mota. Katakon ya zame. Ƙafarsa ta dama ta karye a wuri biyu.

Da muka kai shi asibiti aka tambayi katinsa na inshorar lafiya. Yana da shi, tun yana ƙauye aka yi masa, amma ya daɗe da mutuwa, ba a sabunta ba. Tun 2003 aka yi dokar wannan inshora a ƙasar nan, don a raba talaka da tsarin nan na sai ka biya kafin a duba ka, kuma tun 2018 ana iya sabunta katin ta wayar hannu, ba sai an je an bi layi ba. Na san duk wannan. Nawa katin da na iyalina ba su taɓa mutuwa ba. Amma shekara biyu yaron nan yana kwana a bayan shagona, ban taɓa tambayarsa ko sau ɗaya ba. Ranar sai da muka zaga shaguna da kwano kafin a fara yi masa aiki. Na sani katin ba ya ɗauke kowane irin kuɗi, amma da yana da rai da an rage mana rabin tashin hankalin wannan dare.

Bayan kwana uku ubansa ya iso a motar dare. Na kwana ina shirya abin da zan ce in ya zage ni. Tsohon ya sauka da zabbi biyu a ɗaure, ya miƙo mini, ya yi magana da yaren Mamprusi, yaron yana fassarawa daga kan gado: wai yana godiya da na ciyar da ɗansa shekara biyu, abin da ya faru kuwa daga Allah ne. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har yau ban san wanda ya ci zabbin nan ba, ni dai ban iya kai su bakina ba.

Tun daga nan na ƙudura cewa sai mun kafa wani ɗan asusu domin yara masu koyon aiki a layinmu: a sabunta musu kati, a ƙera ƙafafun ƙarfe na tokare mota a daina dogara da katako da dutse, a sayi tabarau ga yaran masu walda, waɗanda kullum za ka gan su da jajayen idanu kamar sun kwana suna kuka. Na yi maganar sau biyu a masallaci, sau ɗaya a taron masu shaguna. Kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba, kowa ya ce shawara ce mai kyau. Abin da aka tara bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Ban ga laifin kowa ba, roƙo ya yi yawa a Zongo, kowace Juma'a da nata.

Yaron ne da kansa ya kawo maganar keke, kuma da wasa ya faɗe ta. Ina yi masa ƙorafi sai ya ce, "Masta, mutanen nan ba za su biya don su ji wa'azi ba. Amma in ka ce za ka hau keke zuwa garinmu, za su biya don su ga inda za ka faɗi." Muka yi dariya. Da dare na kasa barci.

To ga mutanen da nake bin hanyar nan da bashinsu a wuyana.

Na fara da wanda ya fi kowa sukar abin, wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya girme ni da kusan shekara 20. Ya kira ni shagonsa ya ce, "Kai yaro, me ya haɗa keke da katin asibiti? In kuɗi kake so ka ce kuɗi kake so. Kwana takwas ɗin da za ka rufe shago, kuɗin aikinsu ai sun isa su yi wa yara goma kati." Gaskiyarsa ce, na kuma faɗa masa gaskiyarsa ce. Amsar da nake da ita ɗaya ce: na roƙa a tsaye ba a ji ba, yanzu da aka ce zan roƙa a kan keke har masu shagunan da ban taɓa gaisawa da su ba suna aiko yaro ya tambayi yadda ake sabunta kati. Alhaji ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai ba da sidi biyu a kan kowace kilomita, amma lissafinsa daga Tamale zai fara, domin bai yarda zan kai Tamale ba. Baba Alhaji, na gode. Daga Tamale zuwa Paga kusan kilomita 200 ne, ka tanadi kuɗinka.

Sai keken kansa. Wasu sun ba ni shawara in nemi keken gora, irin wanda ake ƙerawa a nan yankin Asante har ana kai shi Turai. Na yaba da aikin, amma na ce ni ɗan ƙarfe ne, bari in tafi da abin da in ya lalace a daji zan iya gyarawa. Na sayi tsohon keke cikin na hannu da ake shigowa da su daga waje, na jingina shi a shago. Kafin mako biyu ya zama ba nawa ba, ya zama na layi. Mai walda na kusa da ni ya cire kariyar baya ya ƙera wata mai ɗaukar jarkar ruwa biyu. Wani dattijo mai injin fiƙe ƙarfe, wanda ya koyi aiki a cibiyar nan da Jami'ar Kwame Nkrumah ta buɗe a Magazin a 1980, ya duba ƙarfen tsakiyar tayar baya ya ce wannan ba zai wuce Techiman ba, ya fiƙe mini sabo, ya zuba boris da giris da hannunsa. Mai gyaran keke a Aboabo ya kwance wayoyin gargaren duka biyu ya sake ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma zaunar da ni ya koya mini faci kamar ɗan makaranta, ni da na yi shekara 35 ina kwance inji. Mai ɗinkin kujerun mota ya kalli sirdin, ya kalle ni, ya ce "Masta, da wannan za ka je Paga? Ashe ba ka son zama har abada." Ya yi masa sabuwar riga da soso. Mai wayarin ya sa fitila gaba da baya, mai fenti ya fesa masa ruwan ɗorawa mai haske don direbobi su hango ni tun daga nesa. Ba wanda ya karɓi ko pesewa.

An ce sunan Magazin ya samo asali ne daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa, wadda masu gyara na farko suka taru kusa da ita kafin a maido su Suame. Mu da muke ciki kan yi alfahari cewa babu abin da ba za mu iya ƙerawa ba, daga bodin babbar mota har injin niƙa. Abin da ya ba ni kunya da na ga keken nan ya haɗu shi ne, hannuwan da suka yi shi cikin mako biyu su ne za su iya ƙera ƙafar tokare mota cikin awa ɗaya, daga guntayen ƙarfen da muke takawa kullum. Ba mu taɓa rasa gwaninta ba. Ba mu dai ɗauki ƙafar yaro a bakin komai ba, ni ne na farko.

Mata kuwa, ban san inda zan fara ba. Hajiya mai waakye da muke ci a wurinta tun ina saurayi ta tsayar da ni a gaban jama'a ta ce ta ba da miliyan ɗaya. Wurin ya yi tsit, wani yaro har ya saki cokali. Ashe Hajiya har yanzu da tsohon kuɗi take lissafi, na kafin canjin 2007, wato sidi 100 take nufi. Aka yi ta dariya, ita ma ta yi. Amma duk wanda ya san ribar da ke cikin tukunyar waakye ya san sidi 100 ɗin nan miliyan ne. Mai koko ta bakin layinmu ta hana ni biyan kuɗi tun ranar da na fara fita motsa jiki da asuba, ta ce sai na dawo daga Paga za mu yi lissafi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 'yan matan nan masu dako a Kejetia, kayayo. Ban san yadda labarin ya kai musu ba. Wata ranar Asabar su huɗu suka zo shago da kwanoninsu, babbarsu ta kwance bakin zane ta zube mini kuɗi, yawanci tsaba. Na ce su mayar, su ne ya kamata a tara wa. Ta ce, da Hausar da ta koya a kasuwa, "Baba, yaron nan ɗan garinmu ne. Mu ma in mun faɗi ba mai kati." Ta ƙara da cewa in na bi ta Walewale in tsaya a tasha in faɗa wa wata mai sayar da ruwa cewa 'yarta tana lafiya. Na rubuta kwatancen na sa a aljihun gaba. Kuɗin nasu na sa an rubuta shi a shafin farko na littafin asusu, sama da na Alhaji.

Maƙwabcina a shago mutumin Asante ne, Kirista, Opanin muke ce masa, mun yi shekara 22 muna aron sufana a tsakaninmu. Ya kai maganar cocinsu ba tare da ya faɗa mini ba, ya dawo ranar Litinin da ambulan. Ya kuma ce zai bi ni a baya da motarsa har Techiman a ranar farko, domin daga Suame zuwa Offinso ne motoci suka fi yawa. Direbobin manyan motoci masu kai kaya daga Tema zuwa Wagadugu da Yamai, waɗanda muke yi wa gyara, sun ce sun sanar da juna: in an ga wani tsoho a kan keke mai ruwan ɗorawa, a ba shi hanya. Tsohon ne ban ji daɗinsa ba, sauran na gode.

Uwargida ba ta ba da ko sidi ɗaya ba, kuma ita ce na fi jin nauyin bashinta. Ranar da na faɗa mata, ba ta ce komai ba sai ta tuna mini da watan Maris na 2019, lokacin da manyan motocin fasinja biyu suka yi karo da dare a tsakanin Techiman da Kintampo, mutum fiye da 50 suka rasu. Ta ce, "Waɗannan a cikin mota suke. Kai da za ka je da fatar jikinka fa, Maigida?" Mako guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban matsa mata ba, domin ba ni da hujja. Ranar na takwas na dawo na tarar tana soya ƙuliƙuli tana daka dakuwa mai yawa, na tambaya ko biki ake, ta ce guzurin wani mahaukaci ne. Amma ta kafa sharuɗɗa, kuma na rantse a kansu: ba tafiya bayan la'asar, ba cire hular kwano ko da rana ta kai ina, kuma sai likita ya duba jinina ya yarda. Likita ya duba. Ya ce zuciya lafiya lau, tumbin ne dai zai sha wahala.

Wata biyar ke nan ina shiri. Na fara da zuwa Offinso in dawo. Daga baya na gwada tafkin Bosomtwe: gangarawa zuwa Abono daɗi kamar a mafarki, hawowa kuwa sai da na sauka na tura, yara suna bina suna yi mini waƙa da Twi. Tudun Mampong, bayan an wuce Jamasi, ya kayar da ni sau biyu, a na uku na hau shi ban sa ƙafa a ƙasa ba, na tsaya a sama na yi ta haki ina hamdala. Abin da ba zan iya gwadawa a Kumasi ba shi ne iskar hunturu. A Disamba daga arewa maso gabas take busowa, wato ni da ita gaba da gaba za mu yi tun daga Kintampo. Na zaɓi lokacin duk da haka, domin ruwa ya ɗauke, zafin Maris kuma bai zo ba.

Ranar farko ita ce mai tsawo, kusan kilomita 120 zuwa Techiman. Talata in kwana Kintampo, Laraba Buipe a bakin Baƙin Volta, Alhamis in ƙetare Farin Volta a Yapei in shiga Tamale, garin da ba wanda zai kalle ni sau biyu, tun da can tsohuwa ma keke take hawa zuwa kasuwa. A nan zan huta in yi Juma'a. Asabar Walewale, Lahadi in ratse ƙauyen yaron in gaida ubansa, sa'an nan Litinin in bi ta Bolgatanga da Navrongo zuwa Paga. A kowane zango akwai wanda ya ce in sauka a gidansa, kuma yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba: wannan ƙanen wani mai shago ne, wancan ya taɓa koyon aiki a Magazin ya koma gida ya buɗe nasa gareji.

Da na je yi wa mahaifiyata sallama, ita abin bai ba ta mamaki ba ko kaɗan. Ta ce kakan babana da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, cikin ayarin fataken Gwanja masu kawo kanwa su koma da goro, wata da watanni suna tafe bayan jakuna. Ya zauna Salaga har yaƙin 1892 ya watsa garin, zuriyarsa suka gangaro kudu har aka haife mu a Kumasi. Ta ce, "Shi ba kwalta, ba waya, ba keke. Kai me za ka gaya mini?" Ta sa mini albarka, ta ce in sayo mata man kaɗe a Tamale.

Malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba ya sake bi da ni ta hukuncin sallar kasaru, sa'an nan ya riƙe hannuna ya ce in yi hattara da riya, domin mutum na iya tuƙa keke har Makka ya dawo ba lada in don a yabe shi ya yi. Wannan magana ta fi tudun Mampong nauyi. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗi in na wuce yara suna ɗaga mini hannu suna kiran "Mai keke! Mai keke!" Kullum sai na tuna wa kaina ƙarar da katakon nan ya yi.

Saura maganar amana, wadda ita ce ke kashe irin wannan aiki a tsakaninmu. Kuɗin ba ya hannuna. Mutum uku ke riƙe da littafi: limamin masallacin layinmu, da Opanin, da Hajiya mai waakye, kuma ba a fitar da komai sai su ukun sun yarda. Guzurina da kuɗin motar dawowa daga aljihuna suke. Mai shagon da ke son a ba shi ƙafafun tokare mota sai ya zo da yaransa duka da katunansu a hannu, a duba, a sabunta wanda ya mutu a gabansa. Edita ya yi alkawarin buga lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausa da Turanci, a fitowar Fabrairu. In kuma jiki ya gaza ban kai Paga ba, zan rubuto a wannan shafi in faɗi garin da na tsaya, masu alkawarin kilomita su biya iya nan. Ba zan shiga mota in ce na tuƙa ba.

Yaron yana tafiya yanzu, da ɗan ɗingishi. Ba ya iya durƙuso na dogon lokaci, saboda haka na kai shi wurin mai wayarin yana koyon aikin lantarkin mota, aikin da ake yi a zaune. Shi zai riga ni tafiya a mota ya jira ni a tashar Walewale. Ya ce zai zo da zabuwa, na ce in ya kuskura sai na karya masa ɗaya ƙafar.

Wanda ke son rakiya, za mu taru a ƙofar shago da ƙarfe biyar da rabi. Mai koko ta ce za ta fito da wuri. Wassalam.